Yadda za ka ga tsuntsayen da ke komawa arewa, kana nan cikin Legas

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa makon farko na Mayu ne lokacin. Wanda ya bari damina ta kankama a Legas kafin ya fita neman baƙin tsuntsaye, sai dai ya haƙura har Satumba ko Oktoba. A cikin waɗannan makonnin ne tsuntsayen da suka sauko mana tun kaka suke ci ba ƙaƙƙautawa, su tara kitse, su sake gashi, sannan su kama hanya. Mu 'yan arewa mazauna Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago kullum muna giftawa ta gefensu a cikin danfo, amma ƙalilan ne cikinmu suka san cewa ɗan tsuntsun da ke kaɗa wutsiya a bakin kwalbati zai iya kasancewa a Rasha aka ƙyanƙyashe shi.

Ni ɗan ƙasar Haɗejiya ne, a bakin fadama na tashi, kuma tattasai da albasa nake sayarwa a Mile 12. Ban yi karatun tsuntsaye a jami'a ba. Abin da zan faɗa a nan abu ne da mai kasuwa, ko mai gadi, ko ɗan makaranta zai iya yi da safiyar Lahadi guda, ba tare da ya kashe kuɗin kirki ba.

Ka fara sanin su wa kake nema

Cin rani suke yi, yadda iyayenmu suka saba: idan abinci ya yanke a gida sai a gangara kudu, idan ruwa ya kusa sauka sai a koma. Sai dai ba duka gida ɗaya suke komawa ba.

Akwai masu ƙetare Sahara zuwa Turai da arewacin Asiya. Masana sun ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2 ne ke shigowa Afirka ta kudu da Sahara kowace kaka, ban da na bakin ruwa da agwagi. Faɗin hamadar da suke ratsawa ya kai kilomita 1,500 zuwa 2,000, babu ruwa babu ƙwaro. Yawancin ƙananan da dare suke tafiya, da rana su laɓe a inuwar dutse ko wani ɗan tsiro. Guzurinsu kitsen jikinsu ne, shi ya sa wasu kan kusan ninka nauyinsu kafin tashi. Tsuntsun da bai wuce giram 10 ba, shi ne ke wannan tafiya sau biyu a shekara.

Akwai kuma waɗanda iyakarsu ƙasarmu. Shirwa na cikinsu. Ka lura da sararin mayankar Oko-Oba a Agege: daga Nuwamba zuwa Afrilu shirwa cike take, tana shawagi tana fizgar tarkacen nama, amma da damina ta yi nisa sai ka neme ta ka rasa, ta bi ruwa ta yi arewa. Haka wani siririn tsuntsu kore mai cin ƙudan zuma, mai farin maƙogwaro da baƙin layi a ido da dogayen gashin wutsiya biyu, wanda a manhaja za ka same shi da sunan white-throated bee-eater. A gefen hamada yake haƙa rami ya yi ƙwai da damina, da rani kuma ya zo kurmi. Zuwa Mayu ya bar Legas.

Sai shamuwa, wadda ba sai na kwatanta ta ga Bahaushe ba. Ita a kudancin Afirka da gabashinta take ƙare rani, ta iso mana arewa gab da ruwan farko. A Legas da wuya ka gan ta. Na ambace ta ne don ka san cewa wannan ilimin ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk tsohon da ya taɓa ɗaga kai ya ga shamuwa a kan kuka ya ce wa yara a fiddo iri, ya riga ya yi rabin aikin da zan bayyana. Sauran rabin shi ne rubuta rana.

Kayan aiki

Ido da kunne da littafin rubutu na aljihu da fensir. Fensir nake cewa, domin biro na bin takarda idan ta jiƙe, kuma a bakin ruwa ba ta rasa jiƙewa.

Idan da hali ka nemi madubin hangen nesa mai ido biyu. Za ka ga an rubuta lambobi a jikinsa. Mafi dacewa shi ne 8x42: lamba ta farko na nufin yana kusanto da abu sau 8, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne, milimita 42. Mai 10x42 ma ba laifi, musamman a bakin teku inda tsuntsaye ke nesa. Kada manyan lambobi su ruɗe ka. Wanda ya wuce 10 hannu ba ya iya riƙe shi tsit, hoton sai rawa. Masu jan gilashi da ake tallarsu a gosulo kuwa, ka bar musu kayansu.

In tokumbo za ka saya, ka gwada shi a nan gaban mai shago. Ka dubi wayar lantarki mai nisa da shi: in ta rabu biyu, ko ka ji idonka na ja bayan minti guda, a karkace yake, kuma gyaransa ya fi kuɗinsa. Sannan ka juya shi ka leƙa ta babban gilashin wajen haske. Idan ka ga wasu fararen zare-zare a ciki, fumfuna ce, danshin Legas ne ke haifar da ita kuma ba ta goguwa. Naka in ka saya, kada ka bar shi a jakarsa a ƙarƙashin gado. Ka ajiye shi a roba mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Duk ranar da ka dawo daga bakin teku ka goge jikinsa da tsumma mai ɗan laima, saboda gishiri.

Yadda ake ɗaga shi ma akwai dabara. Sabon shiga yakan ga tsuntsu, ya sunkuya ya ɗauki madubi, ya ɗago ya shiga lalube, tsuntsu ya tafi. Ka kafe idonka a kan tsuntsun, kada ka kau da kai, ka kawo madubin wurin idonka. Ka yi ta gwada wannan a kan tantabarun unguwa har hannunka ya saba. Rana kuma ta kasance a bayanka. In tana gabanka, kowane tsuntsu baƙi zai zame maka.

A waya akwai manhajoji na kyauta: Merlin da eBird na Jami'ar Cornell ta Amurka, da BirdLasser wadda masu tattara bayanan tsuntsayen Najeriya ke amfani da ita. Suna taimakawa ƙwarai, amma ka riƙa duban tsuntsun har ya tashi kafin ka dubi waya. Hoton cikin waya ba ya zuwa ko'ina.

San 'yan gari tukuna

Wannan ne matakin da mutane ke son tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin. Ba za ka gane baƙo ba sai ka san 'yan gida. Ka ɗauki mako biyu kana duban na kusa da kai kawai: hankaka, kurciya, balbela, kabare mai saƙa gida a kan kwakwa, ungulu in an yi sa'a don ta yi ƙaranci sosai, da baƙin zalɓen nan mai farin haɓa na bakin lagun, wato babban tafkin Legas da ke haɗe da teku. Ka san girmansu, tafiyarsu, kukansu. Bayan haka duk wanda ya shigo ba nasu ba, idonka da kansa zai tsaya a kansa.

Tsattsewa ce misalin da ya fi nuna amfanin haka. Masu yin cincirindo a ƙarƙashin gadoji suna ƙara, baƙaƙe masu farin ƙugu da guntuwar wutsiya, 'yan gari ne, ba sa zuwa ko'ina. Siraran nan masu ruwan ƙasa da ke kewaya bishiyar kwakwa, su ma haka. Akwai wata mai bayanta shuɗi mai sheƙi, cikinta fari, goshinta ja, maƙogwaronta fari-fari, ita ma a nan take gina gidan laka a barandar mutane. Baƙuwar da kake nema ta yi kama da wannan ta ƙarshe matuƙa, bambancin a wuya yake: baƙuwar maƙogwaronta ja ne wur, kuma a ƙarƙashinsa akwai baƙin ɗamara da ya zagaye ƙirji bai yanke ba. A Maris da Afrilu, bayan ta gama sake gashi, wutsiyarta ta fi tsawo da tsaga. Ita ce ke gina gida a rumbuna da garken shanun Turai. A Boje ta Jihar Kuros Riba akwai tuddai masu dogayen ciyayi inda irinta ke kwana da yawan da ya kai miliyoyi, kuma an sha kama masu zobe a ƙafa daga ƙasashen Turai a wurin. Ranar da aka yi ruwan farko shinge ya fito, ka ɗaga kai da yamma: shirwa da tsattsewa iri-iri za su taru suna cafkewa a iska, ranar ce mafi sauƙin kwatanta su gefe da gefe.

Ga kowane tsuntsun da ba ka sani ba, ka bi wannan jerin a ranka: girmansa in an gwada da kurciya ko kaza, siffar bakinsa, launin ƙafarsa, abin da yake yi, sannan launin jiki. Launi na sa a ƙarshe da gangan, don shi ne ya fi yaudara. Haske na canza shi, kuma a wannan lokaci na shekara rabinsu suna tsakiyar sauya riga.

Bakin ruwa

A nan ne Legas ta fi ko'ina daɗi, kuma a nan ne lokaci ya fi muhimmanci. Ruwan teku na kawowa ya janye sau biyu a yini, lagun ma na bin sa. Tsuntsayen bakin ruwa a kan taɓo suke kiwo, taɓo kuwa sai ruwa ya janye yake fitowa. Saboda haka kafin ka fita ka duba jadawalin cika da janyewar ruwa na Legas a intanet, ko ka tambayi kowane mai kwalekwale, su ba sa kuskurensa. Ka nemi ranar da janyewar ta faɗo da safe. A Maris rana na fitowa gab da ƙarfe bakwai, don haka in ka yi sallar asuba ka kama hanya, za ka isa kafin zafi da kafin cunkoso.

Wuri mafi sauƙi ga mutumin Yaba ko Idi-Araba shi ne bakin lagun na Jami'ar Legas a Akoka. Akwai kuma gefen ruwan Majidun a hanyar Ikorodu, da Badagry, da Epe. A gadar Third Mainland za ka hango tsuntsaye a kan turakun masunta, amma ba wurin tsayawa ba ne, kada ma ka fara.

Wanda za ka fara gani, kusan tabbas, ɗan ƙarami ne da bai kai kurciya ba, bayansa ruwan ƙasa, cikinsa fari tas, farin ya ɗan hauro ta gaban fiffike. Alamarsa ita ce ba ya daina kaɗa bayansa sama da ƙasa, ko yana tsaye ko yana tafiya. In ya tashi, dab da ruwa yake bi, fukafukansa a sandare suna karkarwa, yana wani siririn fito. Sunansa a manhaja common sandpiper. Ko a bakin babbar kwata mai datti ana ganinsa.

Wanda na fi so ka ba lokaci shi ne whimbrel. Girmansa kamar budurwar kaza, ƙafa doguwa, baki dogo ya lanƙwasa ƙasa, a tsakar kansa akwai layuka biyu masu duhu da fari a tsakani. Ka samu wuri ka zauna ka bi shi da ido. Yana takawa a hankali a kan taɓon da ƙananan ƙaguwa suka huda ramuka. Sai ya tsaya, ya karkata kai, ya zura bakin nan har gindi, lanƙwasar bakin ta bi lanƙwasar ramin. Ya ɗan murɗa, ya zaro ƙaguwa tana wutsil-wutsil. Ba ya haɗiye ta nan take. Yakan kama ta a ƙafa ya girgiza har ƙafar ta cire, ya sake kamawa ya girgiza, wani lokaci ya taka zuwa ruwa ya ɗauraye ta, sannan ya ɗaga kai ya haɗiye gangar jikin, ya dawo ya tsince ƙafafun. In ya firgita sai ya tashi da fito mai sauri a jere, kusan sau bakwai a murya ɗaya. Da ka ji shi sau ɗaya ba ka ƙara mantawa, har da dare za ka iya jin sa yana wucewa ta saman gari. Irinsa da ke haihuwa a Aisilan an maƙala musu na'ura an bi sawunsu: suna tashi bisa teku kai tsaye zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, kwana 4 zuwa 5 ba sauka.

Akwai wani mai tsayi, fari-fari, ƙafarsa kore-kore, bakinsa ya ɗan ɗaga sama, kukansa uku ne a jere da ƙarfi. Wannan greenshank ne.

Don ganin na teku sosai sai Tarkwa Bay da rairayin da ke bayan hasumiyar fitilar jiragen ruwa. Da jirgin ruwa ake zuwa, daga CMS ko Falomo, tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Ka sa rigar kariya ko da wasu ba su sa ba. A bakin raƙuman ruwa za ka ga wasu 'yan farare suna bin ruwa da gudu in ya koma, su juyo da gudu in ya taso. Sanderling ke nan, kuma a can ƙurewar arewa suke ƙwai, irin su Girinlan da Saibiriya, inda rana ba ta faɗuwa a watan Yuni. Sannan ga fararen tsuntsayen teku masu tsinin fiffike da ke faɗawa ruwa da ka su kamo kifi. In sun sauka a rairayi, bakinsu za ka duba. Mai baƙin baki da ɗan rawaya a tsini daga gaɓar Turai yake. Babba mai baki ruwan lemo ɗan Afirka ta Yamma ne. Ƙaramin cikinsu, wanda ba ya nutso sai dai ya tsinci abu a saman ruwa, shi ne abin kallo a Afrilu: duk rani fari ne da toka, yanzu kuwa sai baƙi ya fara fito masa ɗigo-ɗigo a ciki da ƙirji, wani rabi, wani ya kusa gamawa, har kai da gangar jiki su koma baƙi ƙirin. Wanda ka gani ya gama baƙi, kwanansa a nan ya ƙare.

Kara

Ba kowa zai kawo kasuwar shanu a lissafin wuraren kallon tsuntsaye ba, ni kuwa ita nake fara kai duk ɗan'uwan da ya ce in koya masa. Kara na bakin kogin Ogun, da ka wuce Berger a hanyar Ibadan. Ga shanu, ga ruwa, ga ciyawa, ga ƙwari, kuma mutanen wurin namu ne, babu mai yi maka kallon baƙo.

Ka wuce cikin kasuwar ka nufi inda ake kiwo. Balbela za ta fara ɗauke maka ido. Ka sauke idonka ƙasa, tsakanin kofatan shanu. Akwai 'yar siririyar tsuntsuwa mai doguwar wutsiya da take kaɗawa, tana 'yan guje-guje tana cafke ƙwarin da saniya ta tayar. A Disamba launinta a dushe yake. A Maris namijin sai ya koma rawaya shar. Yellow wagtail ake ce mata.

Na taɓa nuna ta ga wani dattijon Bafulatani da ke zaune kan turmi yana gyara igiya, na ce, "Baffa, wannan 'yar rawayar fa, kun san ta?" Ko madubin bai karɓa ba. Ya ce, "Ɗana, ai baƙuwa ce. Tare da sanyi take zuwa. Da ruwa ya zauna ba ka ƙara ganinta a garke." Abin da littattafai suka rubuta ke nan, ba ragi.

Abin da madubi zai ƙara maka a kan na Baffa shi ne kan namijin. Mai kai shuɗi-toka da farar gira daga tsakiyar Turai yake. Mai kai toka mai duhu, babu gira, daga can Sikandinabiya da arewacin Rasha. Waɗannan na biyun su ne ke jinkirin tashi, domin ƙasarsu ba ta gama narkewa ba sai Mayu. A garke ɗaya kana iya raba su, ka ga waɗannan sun ragu, waɗancan suna nan. A kan kara ko shinge kuma ka duba wani ɗan dunƙule mai farar gira da ƙirji ruwan goro, yana zaune a tsini, ya dira ƙasa ya ɗauki ƙwaro ya koma. Whinchat ne, shi ma baƙo.

Ga na cikin itatuwa akwai Lekki Conservation Centre, wadda NCF, gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, ta kafa a 1990 a fili mai hekta 78, da gadar sama mai tsawon mita 401. Ana biyan kuɗin shiga. Wuri ne mai kyau, amma ba nan zan ce ka fara ba: ganye ya yi yawa, tsuntsayen ƙanana ne, sabon shiga sai ya yini yana jin kuka bai ga mai yi ba. In za ka je, ka bi 'yan Lekki Bird Club ranar fitarsu, ka je da sassafe kafin masu yawon buɗe ido su cika wurin.

Mutane

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Legas, balle ga ɗan arewa riƙe da madubin hangen nesa. Kada ka ɗaga shi kusa da bariki, ko tashar jiragen ruwa ta Apapa, ko filin jirgin sama, ko ma'ajiyar mai irin ta Atlas Cove da ke maƙwabtaka da Tarkwa Bay. Ka riƙe katin shaidarka. Ku fita ku biyu ko uku. In ka isa wurin masunta ko wata unguwa, ka fara da gaisuwa, ka nemi babba, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka miƙa masa madubin ya duba da kansa. Mutumin da ya ga idon zalɓe dab da fuskarsa ba ya ƙara zarginka, sau da yawa ma shi zai nuna maka inda suke kwana.

Su ma tsuntsayen suna da haƙƙi a kanka. Garken da ke hutawa a rairayi kada ka matsa har ya tashi don ka samu hoto. Duk tashin banza kitsen da zai ƙetare hamada da shi ne yake ƙonewa. In suka daina kiwo suka miƙe wuya, ka yi kusa, ka ja da baya. Yaran da ke yawo da danƙo kuwa, faɗa ba ya hana su. Ba su madubi su leƙa, ka gaya musu daga inda tsuntsun ya taso.

Rubutu

Ka zaɓi wuri ɗaya da ba ya yi maka wahalar zuwa, ka riƙa komawa duk mako, lokaci ɗaya. Wannan ya fi yawo wurare goma amfani. Kowace fita ka rubuta kwanan wata, ƙarfe nawa, wurin, yanayin ruwa da sama, sannan kowane tsuntsu da adadinsa. In garke ne babba, ka ƙirga goma, ka ga faɗin da suka ci, ka auna sauran da shi. Wanda ba ka gane ba, ka rubuta abin da ka gani ka bar shi ba suna. Sunan da aka yi cinta ya fi rashin suna illa, domin wani zai dogara da shi.

A bazara ranar ƙarshe da aka ga tsuntsu ake nema, kuma ita ba a saninta sai ta wuce. Don haka ranar da ka je ba ka ga ko ɗaya ba, ka rubuta cewa ka duba babu. Wannan layin ne zai nuna maka makon da suka tashi.

Rubutun nan yana da inda zai yi amfani. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015. An yanka ƙasar zuwa murabba'ai, kowanne kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, kuma duk wanda ya ba murabba'i guda awa 2 yana rubuta abin da ya gani a BirdLasser, ya aika, ya sa hannu a aikin. Ba a tambayar takardar makaranta.

Ka kuma riƙa duban ƙafa. In masunci ya kawo maka mataccen tsuntsu mai zoben ƙarfe, ba asiri ba ne, ba kuma na'urar leƙen asiri ba. A jikin zoben akwai lamba da sunan gari ko cibiya. Ka kwafe su daidai, ka ɗauki hoto, ka rubuta wuri da rana, ka aika wa NCF ko APLORI. Da irin wannan ne aka gano hanyoyin nan gaba ɗaya. Turawa ma sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa da hunturu ba, har a 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da Klütz a Jamus da mashin Afirka a soke a wuyanta. Tana nan a ajiye a Jami'ar Rostock.

In tafiya gida ta kama

Wanda ya samu zuwa arewa kafin Maris ya ƙare, ya ba da kwana ɗaya ga fadamar Haɗejiya da Nguru, inda kogin Haɗejiya da na Jama'are ke bazuwa kafin su zama Komadugu Yobe. Tafkin Nguru da mashigin Marma ne wuri na farko a Najeriya da aka sa a jerin Ramsar na dausayin duniya, a 2000. Akwai Dagona a ƙasar Bade, akwai Baturiya a Jigawa. Abin da Legas ba za ta ba ka ba, can yake: agwagin Turai dubbai a cakuɗe da kirinjijiya da ɗinya, da garken tsuntsayen da ke sauka a gonakin shinkafa bayan girbi suna tsintar zuba. Disamba zuwa Fabrairu ne ganiyarsu. A Afrilu ruwa ya ja, agwagin sun tafi, sai ƙananan da ke cikin gawo da bagaruwa suna cika ciki, don nan ne zangon ƙarshe kafin yashi. Ka tambayi mutanen gari halin hanya kafin ka shiga daji, ka ɗauki ɗan jagora.

Fadamar ba kamar yadda muka taso muka gan ta take ba. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ambaliyar da ke shayar da ita ta canza, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, manomi da masunci da makiyayi duk suna kuka da ita. Abin da ya taɓa mu kuma yana taɓa tsuntsayen har can inda suke ƙwai. Bayan ruwa ya ƙi sauka a Sahel a 1968, a bazarar 1969 masu ƙirga tsuntsaye a Ingila suka tarar wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da suka saba gani a kowane shinge ya ragu da fiye da rabi. Sai daga baya suka gane cewa a ƙasarmu ya mutu.

In tafiyar ba ta yiwu ba, waya ta isa. Ni duk Afrilu in na kira gida, bayan gaisuwa nakan ce, "Inna, shamuwa ta sauka?" Ranar da aka ce ta sauka sai in rubuta a shafi ɗaya da ranar da na daina ganin 'yar rawaya a Kara. Kai ma ka sa wani a garinku ya riƙa gaya maka, da ranar ruwan farko.

Bayan tsakiyar Mayu bakin ruwa zai yi fayau, sai ɗaiɗaikun da ba su isa haihuwa ba, waɗanda kan zauna su ƙare damina a nan. Kada ka daina zuwa. A watannin ne wani ƙaramin farin tsuntsun teku mai baƙin baki, Damara tern, ke isowa rairayin Legas daga Namibiya, tasa tafiyar ta saɓa da ta sauran. Mai kaɗa bayan nan na bakin kwata kuma tun Agusta yake fara dawowa, don haka ka buɗe sabon shafi tun a ƙarshen Yuli.